Likkafanin da Na Bari a Kalgo

Alhamis, 4 ga Maris 1954, da la'asar

Kai da littafin nan ya faɗo hannunka, ka taɓa raka mutum bakin gari kana kuka, alhali idonka na kan jirginsa na su? In ba ka taɓa ba, zo Kalgo a koya maka.

Yau da hantsi muka fito, ni Lukuman da mahaifina Mamman masunci, za mu Makka a ƙasa. Jiya Baba ya bi gida-gida yana neman gafara, kamar yadda mai tafiya Gabas ke yi, don ba kowa ke dawowa ba. Ya raba ɗan abin da ya mallaka. Jirginsa da komarsa suka faɗa hannun ƙanensa, Baffa Umaru, shi ya sa ya fi kowa kuka. Da ya rungume Baba sai da aka ɓamɓare shi. Hannu ɗaya yana share hawaye, ɗaya hannun yana riƙe da filafilin jirgin, ko ajiye shi bai iya yi ba.

Kowa ya ba mu saƙo. A gaishe da Manzo, a roƙa wa wance haihuwa, a taho wa wane da ruwan Zamzam. Saƙo kaya guda, guzuri kuwa ƙuli-ƙuli ƙulli biyu.

Na rage wani abu daga adudun Baba don takarduna su sami wuri. Na bar shi a ɗakin Baffa. Ba abin da za a rasa a gaba ba ne. Na karanta a jarida, a Jidda farin yadi har bakin titi ake sayarwa.

Juma'a, 5 ga Maris, da azahar

Ga waɗanda Baba ya zaɓa mana abokan tafiya: mutum bakwai daga yamma da suka biyo ta Kalgo. Ba su san juna ba, hanya ce ta tattaro su kamar yayi. Babbansu wani tsohon Bazabarme ne, Jibrin, masaƙi, Hausarsa a karye, haƙorinsa uku. Akwai wata Bafillatana, Hajjo, fuskarta duk zanzana, bakinta ya fi barkono. Akwai wani mutumin Dandi da bai iya komai ba sai ƙorafi. A cikinsu ba wanda ya san baƙi ɗaya, na ajami ko na boko. Ni da na koya wa kaina karatu da tsofaffin jaridun da ake naɗe kifi, yau ni ne nake bin bayan waɗannan.

Bin baya kuwa na gaske. Dokarsu ita ce wanda ya fi kowa nawa shi ke gaba. Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ita ke jan mu, mu majiya ƙarfi muna biye kamar masu rakiyar gawa. Na lissafa musu cewa a haka sai mun yi shekara huɗu. Jibrin ya ce, “To, Malam, Makka za ta tashi ne?” Suka yi dariya. Jahilci ma da dariyarsa.

Da za a ɗora tukunya sai su ajiye ƙwarya a rufe da zane. Kowa ya tura hannu ciki ya zuba gero. Na tambayi dalilin zanen, Hajjo ta ce, “Don kada a ga hannun da ya shiga babu komai, mai takarda.” Wato an buɗe wa mayaudara ƙofa ke nan. Na sa ido, na tabbata tsohuwar nan hannu wofi take turawa.

Asabar, 6 ga Maris, da almuru

Baba na zazzaɓi. Ya ce bayansa kamar an sare shi. Yau shi aka sa a gaba.

Litinin, 8 ga Maris, da la'asar, bayan garin Gwandu

Bari in rubuta wannan tun raina na tafasa.

Mun shigo Gwandu da hantsi. Mutumin Dandi ne ya goyo Baba tun daga fadama, yana tafe yana cewa shi bai baro gida don ya zama jaki ba, amma bai sauke shi ba. Muka nufi gidan Malam Abdulgani, ɗan gwaggon Baba, wanda duk shekara Baba ke aika wa busasshen kifi. Mun same shi a zaure da mutane, ya taso da fara'a.

“Lale da baƙin Allah! Mamman, kai ne? Gidanga naka ne, ku kwana goma in kuna so.”

Sai ya matso ya dubi goshin Baba. Na ga murmushin ya tsaya masa a baki. Ya ja baya taku uku, ya kai hannun riga ga hanci.

“Lukumanu, tun yaushe wanga abu ya fito mai?”

“Da safe, Malam. Ƙurajen zafi ne.”

“Ƙurajen zafi? Agana ce, yaro! Ka san gidanga da yara. In duba-gari ya ji, ƙone muna ɗaki za a yi.”

“To ina za mu kai shi?”

“Allah na nan. Zan sa shi cikin addu'a.”

Addu'a! An ce mini karatun da yake ba mutane a zauren nan da safe a kan haƙƙin baƙo ne. Na tambaye shi ko kifin da ya ci shekara ashirin da addu'a aka kama shi. Ya ce ba ni da tarbiyya. Aka ja ƙyaure.

Na ɗauka nan baƙin nan za su sallame mu. Da ni ne, da na sallama. Sai na ga sun bazu cikin gonaki suna tsintar kara. Kafin la'asar sun kafa bukka a gindin wata tsamiya, nesa da gari. Hajjo ta ce ita kaɗai za ta riƙa shiga, don abin ya riga ya ci rabonsa a fuskarta tun tana budurwa, ba ya komo wa mutum.

Ni ba zan ƙara rubuta sunan abin ba.

Talata, 9 ga Maris, da hantsi

An hana mu rijiya. Da gari ya waye mun tarar da tulu cike da ruwa a bakin gona. Ba mu ga wanda ya ajiye ba. Ko taimakon ma a garin nan sai a ɓoye, kamar sata.

Laraba, 10 ga Maris, da azahar

Abokan tafiyarmu sun yi shawara. Mutumin Dandi ya ce in ba su kai Kano kafin damina ba, babban ayari zai wuce su, shekara ta tafi. Gaskiya ya faɗa, shi kaɗai ne mai hankali a cikinsu. Jibrin ya ce, “Wanda ya fi nawa shi ne gaba. Na gaba ya kwanta. Mu wuce ta kansa?” Shi ke nan, shawara ta ƙare. Mutum bakwai za su zubar da shekara saboda masuncin da suka sani kwana shida. Ban roƙe su ba. A rubuta, ban roƙi kowa ba.

Baba ya kira ni daga cikin bukka. Na tsaya daga waje, don iska ta fi kyau a nan.

“Lukumanu, buɗe adudu ka hiddo min likkafanina. Ina son shi kusa da ni.”

Na ce yana can ƙasan kaya, sai an kwance komai. Ya ce to.

Tunda littafina ne, bari in faɗa. Abin da na cire a Kalgo shi ne. Innata Delu ce ta kaɗa zarensa da hannunta a shekarar da ta rasu, aka saƙa, Baba ya adana shi shekara tara. Niyyarsa ya tsoma shi a Zamzam, in kuma kwana ya ƙare a hanya a naɗe shi a ciki. Duk wanda ke cikin ayarin nan yana ɗauke da nasa, har tsohuwar nan da ba ta da tsabar gero. Ni na ga tsohon saƙi ne mai nauyi. A wurinsa na sa jaridu goma sha huɗu, da taswira, da wannan littafi.

Alhamis, 11 ga Maris, da la'asar

Na sami Ɗanjuma mai jakuna, ɗan garinmu, ya kawo kifi kasuwa. Daga nesa muka yi magana, kamar masu faɗa. Na ce ya gaya wa Baffa Umaru, farin ƙullin da ke cikin tukunyar bayan ƙyaurensa, ya ba shi ya kawo da gaggawa, yayansa na kwance. Ya ce kwana bakwai zai juyo.

Kwana bakwai ba wani abu ba ne.

Asabar, 13 ga Maris, da hantsi

Tulu ya sake zuwa. Yau da dunƙulen fura biyu a kan marfin.

Lahadi, 14 ga Maris, da azahar

Hajjo ta fito daga bukka da ganyen dogon yaro a hannu, da shi take kore masa ƙuda. Ta same ni ina karatu.

“Mai takarda, mi wancan tabo ga damtsenka?”

“Lamba ce. A Birnin Kabi aka yi mini bara. Wanda aka yi wa, abin ba ya kama shi. Da kuna karatu da kun sani.”

“Awo. To ba ya kama ka.”

“Ba ya kama ni.”

“To mi ka hana ka shiga? Ƙofar ce ta yi ma ƙanƙanta?”

Na ce mata akwai abubuwan da ba za ta gane ba. Ta ce haka ne, ita shanu kawai ta sani, kuma ko ɗan maraƙi yana lasar uwarsa. Tsohuwa mara kunya. Wa ya tambaye ta?

Wari ne. Ba tsoro ba ne, wari ne kawai.

Litinin, 15 ga Maris, da la'asar

Baba ya sake tambayar likkafanin. Na ce ina shanya shi.

Talata, 16 ga Maris, da almuru

Geronmu ya ƙare tun shekaranjiya. Mazan suna zuwa fadama ban ruwan albasa, a ba su hatsi. Ni ban iya ba, na gwada, mai gonar ya ce in bar masa kwamin albasarsa lafiya.

Yau da aka ajiye ƙwarya na tura hannu ƙarƙashin zanen. Na ɗan motsa yatsu don a ji kamar ana zuba wani abu. Ba wanda ya dube ni. Kowa ya sami abin kallo a sama. Tuwona bai ragu ba ko loma.

Har yanzu ina ganin dokar banza ce.

Alhamis, 18 ga Maris, da azahar

Ɗanjuma ya dawo. Hannunsa biyu a sake.

“Ina ƙullin?”

“Baffanka ya ce shi bai ga wani ƙulli ba.”

“Ƙarya yake! Ni na sa shi da hannuna.”

“Ya ce kuma ko da ya gani, abin da mai tahiya Gabas ya bari ga ɗaki an riga an yafe shi. An yi rabo gaban shaidu.”

“Ka gaya masa yayansa na kwance?”

“Na gaya mai. Ya yi kuka.”

“Na san ya yi. Sai me?”

Ɗanjuma ya sosa ƙeya, ya dubi jakinsa. Ya ce shi dai ba ya son shiga maganar dangi, amma ya biya ta rumfar maɗinki ya ga farin saƙi a kan cinyarsa, an ce rigar Baffa ce ta Juma'a.

Rigar Juma'a. Zaren Inna.

Na zagi Baffa, na zagi maɗinkin, na zagi Kalgo unguwa-unguwa har muryata ta dushe. Da na juyo sai ga Jibrin zaune a bayana yana gyaran takalminsa na fata. Ban san tun yaushe yake nan ba. Ya ci gaba da gyaransa. Gara ya yi magana in sami na zagi.

Juma'a, 19 ga Maris, da la'asar

Ana jin huɗuba daga nan in iska ta juyo. Ban je ba.

Asabar, 20 ga Maris, da hantsi

Na shiga.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Idanunsa sun kumbura sun rufe. Da muryarsa na gane shi.

A ƙarƙashin hannunsa akwai farin saƙi a naɗe. Na dubi Hajjo, ta harare ni, ta ɗora yatsa a baki. Ashe tun jiya Jibrin ya kwance nasa ya ba ta. Shi ya noma audugar, matarsa ta kaɗa, shi ya saƙa, ya ɗauko shi a ka wata biyu daga ƙasarsu. Sun shirya a ce wa Baba nasa ne, tunda ba ya gani.

Jahilai. Sun manta wanda suke yi wa dabara. Mutumin da ya shekara arba'in yana saƙa koma, da yatsa yake sanin zare.

“Lukumanu, kai ne?”

“Ni ne, Baba.”

“Ka shigo ke nan.”

Ya daɗe yana murza gefen saƙin tsakanin yatsu.

“Zaren Delu siriri ne. Wanga ya hi shi kauri. Na wa ne?”

Na buɗe baki in yi ƙarya ta uku, ta ƙi fitowa. Na faɗa masa duka, har da jaridun, har da maɗinkin. Na so ya tsine mini. Wallahi da ya fi mini sauƙi.

“Jaridu nawa?”

“Goma sha huɗu.”

Sai na ji wani sauti daga ƙirjinsa, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

“Da sun isa naɗe ni ai. Ba ni da tsawo.”

Da ya huta ya ce, “Na karɓa, Allah shi saka mai. Amma tsohon nan ya girme ni, kuma hanya na da nisa. Kada ka bari ya tahi haka. Na Delu nashi ne yanzu. Ka ji?”

Na ce na ji. Na karɓi ganyen daga hannun Hajjo. Ta sakar mini shi, ta matsa mini wuri.

Lahadi, 21 ga Maris, bayan azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 22 ga Maris, da la'asar

Mutumin Dandi ne ya haƙa kabarin, yana haƙa yana cewa ƙasar Gwandu ta fi zuciyar mutanenta tauri. Ni na yi wankan, Jibrin na tsaye yana gaya mini inda zan fara, don duk karatuna ban san wannan ba. Mu shida muka yi masa salla. Na aika wa Malam Abdulgani, ya aiko cewa ya yi masa addu'a daga gida.

Mun ƙone bukkar da tabarmar da rigar da na shiga da ita. Jaridun suka kunna wutar. Sun kama da kyau.

Da safe na ga mai tulun. Wata mace ce a lulluɓe, ta ajiye, ta tsaya tana duban sabon kabarin, sannan ta juya da sauri. Na bi ta da ido har ta shige ta ƙofar baya ta gidan Malam Abdulgani. Ban san ko matarsa ce ko ƙanwarsa ba. Ban san ko ya sani ba. Ba na so in sani, zai ɓata mini fushina.

Talata, 23 ga Maris, da hantsi

Sun tashi. Tsohuwa mai gwiwa a gaba.

Na ce wa Baba Jibrin ya jira ni kwana shida in je Kalgo in dawo masa da na Inna. Ya ce sun riga sun jira, yanzu na gaba ya tashi.

“To in ka faɗi a hanya fa? Da me za a rufe ka?”

“Wani na ɗauke da nashi.”

“Shi kuma fa?”

“Wani na bayanshi.”

Wannan ba amsa ba ce, wauta ce da aka jera ta sahu-sahu daga nan har Makka. Na faɗa masa haka. Ya yi mini dariya da haƙoransa uku. Hajjo ta ƙulla mini gero a gefen zane, ta ce, “Mai takarda, muna da nawa, ka sani. Mai ƙafa irin taka zai cim muna kafin Gusau, in ya so.”

Alhamis, 25 ga Maris, da almuru, Kalgo

Na iso. Masu kukan rakiya suna ganina suna shigewa gida suna jan yara. Ba wanda ya ce mini sannu, ba wanda ya yi mini gaisuwar Baba. Wata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko na kai saƙonta.

Na je ƙofar Baffa, aka ce yana bakin gulbi. Na je gulbi, aka ce yana gida. Na biya wurin maɗinki, ya ce tun Talata aka karɓi riga. Har da aiki a wuya.

Juma'a, 26 ga Maris, da hantsi

An fara shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci. Ina zaune a inuwar bango, kowa na kewaye ni daga nesa. Madalla. Yau ba mai iya kama ni ya fitar da ni, don ba mai son taɓa ni.

In liman ya sallame zan miƙe. Nawa laifin zan fara faɗa, don kada wani ya riga ni: ni na cire likkafanin ubana na sa jarida, ni na tsaya bakin bukka kwana goma sha biyu ina cewa wari ne. Wannan na amsa shi a gaban Baba, zan kuma amsa shi a gaban Kalgo.

Sannan kai, Baffa Umaru. Ba a zaure ba, ba a bayan gida ba, ba ta bakin dattawa masu cewa a rufa asiri ba. A nan, a sahun da za ka tsaya da rigar nan a jikinka. Jirgin ka riƙe, komar ka riƙe, kukan ma ka riƙe abinka. Rigar nake so, da ɗinkinta da aikin wuyanta, in naɗe ta in bi wani tsoho da ke tafe gabas ba shi da abin rufa.

Ga ka can ka ɓullo ta lungu, fari fat. Ka tsaya gaban jama'a ka faɗa da bakinka, Baffa: wa ya kaɗa zaren rigar da ke wuyanka, kuma wa aka kaɗa wa?